Asalin Kalmomin Zane da Fasaha a Harshen Turanci

Mafi yawan kalmomin da Turanci ke amfani da su a fagen zane, fenti, sassaƙa da launuka, na aro ne. Kaɗan ne aka gada daga tsohon Turanci, wato harshen da mutanen Ingila ke yi kafin Normandawa su ci ƙasar da yaƙi a 1066. Sauran sun shigo ne kashi-kashi: da fari daga Faransanci da Latin, sannan daga Italiyanci, sai harshen mutanen Holan, sai kuma sunayen launuka da suka biyo fatake daga Indiya, Farisa da ƙasashen Larabawa.

Dalilin haka a fili yake. Ingila ta daɗe tana ɗauko gwanayen zane daga ƙetare. Hans Holbein, mai zanen fadar Sarki Henry na Takwas, Bajamushe ne. Anthony van Dyck, wanda Sarki Charles na Ɗaya ya ɗauka aiki a 1632, mutumin birnin Antwerp ne. Duk wanda ya koyi sana'a a hannun wani, da sunayen kayan aikin ubangidansa yake tashi. Shi ya sa mai bin asalin waɗannan kalmomi zai iya gane wace ƙasa ce ke riƙe da ragamar fasaha a Turai a kowane zamani.

Abin da aka gada

Kalmomin gado duk na aikin hannu ne. *Draw*, wato yin zane, ta fito daga *dragan*, ma'anarta jan abu, domin mai zane jan alƙalami yake yi a kan takarda. *Carve*, sassaƙa, daga *ceorfan* take, yankewa. *Dye*, rini, da sunayen launuka na yau da kullum kamar *red*, *green*, *white* da *black*, su ma 'yan gida ne. Haka *craft*, wadda a da take nufin ƙarfi da gwaninta gaba ɗaya. 'Yar'uwarta ta Jamusanci, *Kraft*, har yau ƙarfi take nufi.

Kalmar art

Kalmar *art* ta shiga Turanci a farkon ƙarni na 13 ta hanyar tsohon Faransanci, tushenta kuma *ars* ne na Latin, wato gwaninta ko ƙwarewar da aka koya. A wancan lokaci babu ruwanta da kyau ko ban sha'awa. Aikin likita *art* ne, tuƙin jirgin ruwa *art* ne, dabarun yaƙi ma haka. A jami'o'in Turai na zamanin tsakiya ana karantar da fannoni bakwai da ake kira *liberal arts*, ilimin da ya dace da ɗa ba bawa ba: nahawu, manɗiƙi, balaga, lissafi, ilimin awo, kiɗa da ilimin taurari. Zane ba ya cikinsu. Wannan tsohuwar ma'ana ce ta saura a sunan digirin *Bachelor of Arts*, wanda ake ba wanda ya karanta tarihi ko Hausa ko Larabci, ko da bai taɓa riƙe burushi ba.

Tsohuwar ma'anar ta bar sawu a wasu wurare. *Artificial* na nufin abin da gwanintar mutum ta ƙera, ba wanda ya tsiro da kansa ba. *Artful* ta karkata ta koma mai wayo da dabara. Har *inert* ta masu kimiyya, abin da ba ya motsi, daga *iners* take, wanda bai iya komai ba, malalaci.

Rabuwar *art* da sana'ar hannu ta ɗauki ɗaruruwan shekaru. *Artist* da *artisan* duka sun shigo a ƙarni na 16, uwarsu ɗaya, kuma an daɗe ana musanya su. A ƙarni na 18 ne aka ja layi. A 1746 malamin Faransa Charles Batteux ya ware wasu fannoni, irin su zane, sassaƙa, kiɗa, waƙa da rawa, ya ce manufarsu jin daɗi ce ba biyan buƙata ba. Sunansu a Faransanci *beaux-arts*, Turanci kuma ya fassara shi da *fine arts*. Da aka kafa Royal Academy, ƙungiyar manyan masu zane da sassaƙa, a Landan a 1768, Joshua Reynolds na shugabanta, masu zane a kan farantin tagulla don bugawa ba a ba su cikakken zama mambobi ba, an ɗauke su masu sana'a ne kawai. Daga nan *artist* ya zama mai baiwa, *artisan* ya zama mai aikin hannu, ita kuwa *craft* ta gado aka bar wa masaƙa da magina tukwane. A ƙarshen ƙarni na 19 William Morris da abokansa sun yi ƙoƙarin sake haɗa su a ƙarƙashin sunan *Arts and Crafts*. Sai dai buƙatar ambaton sunaye biyu ita kanta shaida ce cewa rabuwar ta riga ta zauna.

Kayan aiki

*Paint* ta zo daga Faransanci, tushenta *pingere* na Latin, shafa launi. Daga wannan tushe aka sami *picture* da *pigment*. Ita ce Hausa ta ara ta mayar *fenti*, kamar yadda *pencil* ta zama *fensir*, *brush* ta zama *burushi*.

Tarihin *pencil* ya fi sauran karkata. Asalinta *penicillus*, ƙaramar wutsiya, kuma ɗaruruwan shekaru ma'anarta siririn burushi na gashi. A tsakiyar ƙarni na 16 aka gano wani baƙin ma'adini mai laushi a Borrowdale, arewa maso yammacin Ingila. Ana cewa makiyayan yankin da shi suke yi wa tumakinsu shaida. An zaci darma ce, aka riƙa yanka shi sanda-sanda ana naɗe shi da zare ko a cusa shi cikin itace, sunan burushin kuma ya koma kansa. Sai a 1789 Abraham Werner ya raɗa wa ma'adinin suna *graphite*, daga kalmar Girkanci ta rubutu. A 1795 Nicolas-Jacques Conté na Faransa ya gano hanyar kwaɓa garinsa da yumɓu a gasa, wadda ita ake bi har yanzu. Duk da haka Turawa ba su daina kiran bakin fensir *lead*, darma, ba. Mutane da yawa na zaton *pen* da *pencil* 'yan uwa ne. Ba haka ba ne: *pen* daga *penna* take, gashin tsuntsu.

*Canvas*, yadi mai kauri da ake ɗamewa a kan katako a yi zane a kai, tushensa *cannabis*, domin da zaren wannan tsiro ake saƙa shi, shi da filafilan jiragen ruwa. *Palette*, allon da mai zane ke haɗa launuka a kai, ƙaramin shebur ne a Faransanci. *Crayon* daga alli, *pastel* daga kwaɓi, *collage* daga mannawa da gam, *style* kuma daga *stilus*, tsinken ƙarfe da Romawa ke rubutu da shi a kan allon kakin zuma.

Gudummawar Italiya

Daga ƙarni na 16 zuwa na 18, duk ɗan sarautar Ingila da ke son a ce ya waye sai ya je Italiya ya ga Florence, Venis da Roma. Sun dawo da hotuna, sun dawo da kalmomi. *Studio*, *terracotta*, gasasshiyar ƙasa, *chiaroscuro*, haske da duhu, da *caricature*, daga kalmar ɗora wa abu kaya fiye da kima, duk ta wannan hanya suka zo.

*Fresco* na nufin ɗanye. Zane ne da ake yi a kan shafen farar ƙasa tun bai bushe ba, launin ya shige ciki ya zama jikin bangon. Mai aikin ba ya shafa abin da ya wuce wanda zai iya gamawa a yini ɗaya, kuma in ya yi kuskure sai dai ya kankare ya sake. Haka Michelangelo ya yi rufin ɗakin ibada na Sistine tsakanin 1508 da 1512. Tun da babu damar gyara, dole a shirya komai tukuna. Sai a zana hoton gaba ɗaya, daidai girmansa, a kan takarda mai kauri, a bi layukan da allura ana huda su, a ɗora takardar a jikin ɗanyen bangon, a riƙa buga ƙunshin garin gawayi a kai. In an ɗaga, sai ga hoton ya fito ɗigo-ɗigo. Sunan wannan takarda *cartone*, kuma ita ce asalin *cartoon*. Irin waɗannan zane-zane guda bakwai na Raphael, cikin goma da Fafaroma Leo na Goma ya sa shi ya yi a 1515 don masaƙan Brussels su kwaikwaya, suna gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan.

Yadda kalmar ta koma ta barkwanci an san shekararsa. Bayan gobarar da ta cinye majalisar dokokin Birtaniya a 1834, an shirya gasar zanen da za a ƙawata sabon ginin da shi, aka baje kolin *cartoons* ɗin masu takara a 1843. A watan Yulin shekarar mujallar barkwanci ta Punch ta buga zanen John Leech, ta sa masa lamba ɗaya a jerin nata *cartoons*: talakawa cikin tsummokara suna tsaye suna kallon manyan hotuna. Habaici ne ga gwamnatin da ke kashe kuɗi a kan ado alhali mutane na fama da yunwa. Sunan ya bi irin wannan zane, daga baya ya bi fina-finan yara na zane. Tushen *cartone* shi ne *carta*, takarda, kuma masana harshe na ganin *takarda* ta Hausa ma daga wannan kalma ta Latin take, ta biyo ta bakin Buzaye.

*Miniature* misali ce ta yadda kamanni ke ɓatar da mutane. Kowa na jin *mini* a cikinta ya ɗauka ƙanƙanta take nufi tun asali. Tushenta *minium* ne, jan launi da ake samu daga darma. Masu kwafar littattafai da hannu da shi suke rubuta kanun babi da haruffan farko, kamar dai yadda alarammomi ke sa wasali da jar tawada a Alƙur'ani rubutun hannu. Yin wannan ado shi ne *miniare*. Da yake hotunan cikin littafi ƙanana ne, kalmar kuma ta yi kama da *minor* da *minimum*, sai ma'anar ja ta ɓace, ta ƙanƙanta ta gaje ta.

*Grotesque* daga *grotta* take, kogo. A ƙarshen ƙarni na 15 aka ci karo da ɗakunan fadar Sarki Nero, wadda ya gina bayan gobarar Roma ta shekara ta 64, ƙasa ta binne su. Masu zane suka riƙa sauka ciki ta ramuka, suna kwafar adon bangon: rabi mutum rabi tsiro, dabbobi masu fukafukai, reshe na haihuwar kai. Suka kira shi adon kogo. Daga baya kalmar ta zama ta duk abin da ya munana har ya ba da dariya ko tsoro. *Graffiti*, karce-karce, da farko masu binciken kufai ne suka yi amfani da ita a ƙarni na 19 don rubuce-rubucen da aka samu a bangon Pompeii. *Porcelain*, tangaran, daga *porcellana* take, sunan wuri a Italiyanci, wato ɗan ƙwanson teku irin wanda aka yi ciniki da shi a kasuwannin ƙasar Hausa. Da Turawa suka ga santsi da ƙyallin tangaran ɗin Sin, da wuri suka kwatanta shi.

Kalmomin Holan

A ƙarni na 17 masu zanen Holan sun yi fice wajen zana abin da ido ke gani: gonaki, jiragen ruwa, cikin gida, abinci a kan tebur. Masu sayen aikinsu 'yan kasuwa ne ba majami'u ba. Kalmomin da suka ba Turanci ma haka suke, babu ƙawa. *Easel*, maƙalin da ake jingina allon zane a kai, *ezel* ne, jaki, tun da shi ke ɗaukar kaya. Faransawa da Italiyawa ɗan doki suke ce masa. *Sketch*, zanen gaggawa, ta biyo ta Holan daga Italiyanci. *Etch* na nufin sa abu ya ci, domin ruwan asid ne ke cin layukan da aka karce a farantin tagulla. *Still life* fassara ce ta *stilleven*. *Masterpiece* kuwa, wadda yanzu ake faɗa wa aikin da babu kamarsa, a da gwajin yaye ne: aikin da mai koyo zai gabatar wa ƙungiyar masu sana'a kafin a yarda ya buɗe nasa shago.

*Landscape* ta shigo wajen 1600, kuma da farko hoton fili take nufi, ba filin ba. Sai bayan shekaru aka fara kiran tuddai da kwaruruka na zahiri da wannan suna.

Launuka

Sunayen launuka sun fi kowane rukuni nisan tafiya, domin kafin ƙarni na 19 launi haja ce mai tsada da ake haƙowa ko a tsinto a wuri guda a kai wani. *Ultramarine* na nufin daga hayin teku. Shuɗi ne da ake samu in an niƙa dutsen lazurdi, wanda ake haƙowa a duwatsun Badakhshan na Afganistan, ya bi ta Venis ya shiga Turai. Tsadarsa ta sa attajirai kan rubuta a yarjejeniyar aiki nawa za a sa, kuma galibi rigar Nana Maryamu ake keɓe wa shi. Darajarsa ta faɗi bayan Jean-Baptiste Guimet ya haɗa irinsa a masana'anta, ya ci kyautar faran 6,000 a 1828. Sunan dutsen a Farisanci, *lazhward*, ya bi ta Larabci ya zama *azure*. Harafin farko ya faɗi a hanya saboda masu harsunan kudancin Turai sun ɗauka ba jikin kalmar ba ne.

Irin wannan yankewa ta sami *orange*. Daga *naranga* ta Sanskrit ta zama *narang* a Farisa, *naranj* a Larabci, kafin ta isa Ingila ba harafin farko. Sunan lemo ne tukuna. Sai a ƙarni na 16 aka fara kiran launin ruwan goro da shi.

Jajaye masu daraja daga ƙwari suke. *Crimson* da *carmine* tushensu *ƙirmiz* na Larabci, wani ɗan ƙwaro da ke maƙale a jikin itatuwa a kewayen Bahar Rum, a busar da shi a daka. *Vermilion* na nufin ƙaramar tsutsa, ko da yake shi launin daga zaiba da farar wuta ake haɗa shi, sunan kawai ya ara. *Purple* daga wani dodon koɗi na teku take, wanda mutanen Taya a Lebanon ta yau suka shahara da rini da shi. *Sepia* baƙin ruwan da wata dabbar teku ke fesowa ne. *Sienna* ƙasar birnin Siena ce, *turquoise* dutsen Turkiyya, *gamboge* ƙaron Kambodiya. *Cobalt* kuwa aljani ne: masu haƙar ma'adinai a Jamus sun ɗora wa *kobold*, aljanin rami, laifin wani dutse da ke ba su hayaƙi mai guba maimakon azurfa.

*Indigo* ita ce shunin da marina ke samu daga baba, irin na karofin Ƙofar Mata a Kano. Girkawa sun kira shi *indikon*, na Indiya, domin daga can yake zo musu. Ɗaya sunan nasa, *nil*, ya bi ta Larabci da harshen Fotugal ya zama *anil*, daga nan aka sami *aniline*, sinadarin da ya buɗe ƙofar rinin masana'anta. A 1856 William Perkin, yana ɗan shekara 18, yana neman haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro daga wannan sinadari, sai ya sami rini. Aka sa masa *mauve*, sunan wani fure a Faransanci. A 1859 wani sabon rini ya fito, 'yan kasuwa suka laƙaba masa *magenta*, sunan garin da ke kusa da Milan inda Faransa da Sardiniya suka ci Ostiriya da yaƙi ranar 4 ga Yunin shekarar. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta, noman baba a Indiya ya durƙushe cikin 'yan shekaru.

Ƙirar malamai

Wasu kalmomin ba a kasuwa aka tsince su ba, daga Girkanci da Latin suke, wasunsu ma malamai ne suka ƙera su. *Museum*, *music* da *mosaic* duk ana danganta su da *Mousai*, alloli mata tara da Girkawa suka ɗauka su ke ba da ilhama.  *Aesthetic*, abin da ya shafi kyau, Alexander Baumgarten ne ya ƙirƙiro ta a 1735 daga kalmar ji a jiki. Kishiyarta *anaesthetic* ita ce allurar kashe zafi ta ɗakin tiyata. *Photograph*, rubutun haske, John Herschel ne ya yaɗa ta a 1839, gajeriyarta kuma ita ce *hoto* a Hausa. *Camera* ɗaki ne a Latin, daga ɗakin duhu mai ƙaramar kafa da hasken waje ke shigowa ya zana hoto a bango, abin da Ibn al-Haisam ya yi bayaninsa a ƙarni na 11.

Sunayen da suka fara da ba'a

Abin lura ne cewa da yawa daga sunayen salon fasaha da ake karantarwa da girmamawa a yau, abokan gaba ne suka raɗa su. *Gothic* na farko. Marubutan Italiya na ƙarni na 16, musamman Giorgio Vasari, sun raina manyan majami'un arewacin Turai masu tsinin baka, suka jingina su ga Gotawa, ƙabilar da ta wawashe Roma a 410. Zargin ba shi da tushe. Salon ya fara ne a Saint-Denis kusa da Paris wajen 1140, shekaru ɗari bakwai bayan Gotawa. *Baroque* yawanci ana cewa daga *barroco* take ta harshen Fotugal, lu'ulu'un da bai yi zagaye ba, ko da yake wasu masana na kai ta ga wata kalmar manɗiƙi da ake yi wa kallon wahalar banza. Ko wanne ne, ba yabo ba ne.

A Afrilun 1874 wasu masu zane da hukumar baje kolin Paris ta saba ƙi, suka shirya nasu a tsohon ɗakin aikin mai ɗaukar hoto Nadar. Claude Monet ya kawo zanen tashar jiragen ruwa ta Le Havre da fitowar rana, sunan zanen ya fara da kalmar *impression*, wato abin da ido ya fara kamawa. Louis Leroy na jaridar Le Charivari ya kama kalmar ya yi ta shaguɓe, ya kira su duka *impressionists*, yana nufin ba su gama aiki ba. Zuwa 1877 su da kansu sun karɓi sunan. A 1905 mai sharhi Louis Vauxcelles ya ga zane-zanen Henri Matisse da abokansa masu launi kamar wuta sun kewaye wani mutum-mutumi irin na da, ya ce da su *fauves*, namun daji. Shi ne kuma a 1908 ya ce Georges Braque ya mayar da komai 'yan akwatuna, daga nan *cubism* ta fito.

*Silhouette*, baƙin hoton gefen fuska da ake yankawa daga takarda, sunan mutum ne. Étienne de Silhouette ya riƙe baitulmalin Faransa a 1759, ana tsakiyar yaƙi, asusu ya bushe. Ya nemi tsuke bakin aljihun fada, ya ɗora wa masu hannu da shuni haraji, bai kai shekara ba aka sauke shi. Mutanen Paris suka riƙa laƙaba sunansa ga duk abu mai araha, har da wannan hoto na almakashi da talaka ke iya saya. A Ingila *shade* ko *profile* ake ce masa, har zuwa shekarun 1820 lokacin da Augustin Edouart, Bafaranshe mai wannan sana'a da ya zauna a Birtaniya, ya yaɗa sunan ministan a tallan aikinsa.